Yadda muka tsallakar da tsofaffin na'urorinmu zuwa agogo mai bit 64

Aikina shi ne kula da ƙananan kwamfutocin da ke karanta mitocin wuta a tashoshin sola na ƙauye. Kowace tasha tana da guda ɗaya a cikin akwatin ƙarfe kusa da inbata. Ita ke bin mitocin masu niƙa da masu walda da masu shagon cajin waya ta wayar RS-485, ta rubuta abin da kowa ya sha, in ta samu sabis ta turo mana ofis, da shi ake yi wa mutane lissafin kuɗin wata. Kusan dukkansu BeagleBone Black ne, ɗan allon da ya fito a 2013. Ƙwaƙwalwarsa Cortex-A8 ce mai bit 32, kuma babu wata dabara da za ta mayar da ita mai bit 64, haka aka ƙera ta. Debian muke ɗora musu, wato wani nau'in tsarin sarrafa kwamfuta na Linux, reshen da ake kira armhf, wanda aka yi don ƙwaƙwalwar ARM mai bit 32 irin tamu.

Linux ba ya ajiye lokaci a matsayin rana da wata da shekara. Sakanni yake ƙirgawa tun daga tsakar daren 1 ga Janairun 1970 agogon UTC, sai in an nemi kwanan wata a yi lissafi daga wannan adadin. Gurbin da ake zuba adadin a yaren C sunansa time_t. A na'urori irin namu faɗinsa bit 32 ne, wato gurabe 32 na sifili ko ɗaya, daidai da bayit 4, kuma an ware bit ɗaya don nuna ko lambar tana ƙasa da sifili. Iyakar abin da zai ɗauka kenan 2,147,483,647. Ƙirgen zai kai nan ranar Talata 19 ga Janairun 2038, ƙarfe 3:14:07 na dare agogon UTC, wato ƙarfe huɗu da 'yan mintuna a Najeriya da Nijar, kafin a kira sallar asuba. Da an ƙara sakan ɗaya sai lambar ta kife, na'ura ta ce yau 13 ga Disambar 1901.

Maganin kowa ya san shi: a faɗaɗa gurbin ya koma bit 64. Kwamfutoci masu bit 64 dama haka suke tun farko. Wahalar tana kan masu bit 32. NetBSD, wani tsarin sarrafa kwamfuta mai kama da Linux, ya yi nasa sauyin a 2012, takwaransa OpenBSD ya bi a 2014 da fitowar 5.5, inda suka ce kowa ya sake gina manhajarsa, ba su tsaya lallashin tsoho ba. Linux ba zai iya yin haka ba, don yana da alkawarin cewa manhajar da ke aiki jiya za ta ci gaba da aiki gobe, shi ya sa tafiyarsa ta ɗauki shekaru. Arnd Bergmann da abokan aikinsa suka shigar da sababbin ƙofofin tambayar lokaci a cikin zuciyar Linux, wato kanel, a fitowa ta 5.1 a 2019, aikin ya kankama a 5.6 a 2020. Laburaren musl, wato tarin shiryayyun ayyuka da manhajoji ke kira, har da tambayar lokaci, ya koma bit 64 a wannan shekarar da fitowar 1.2.0. Shi kuwa takwaransa glibc, wanda Debian ke amfani da shi, sai a 2021 ya kawo damar a fitowa ta 2.34, kuma bai tilasta wa kowa ba: mai so ya gina manhajarsa da _TIME_BITS=64 haɗe da _FILE_OFFSET_BITS=64. A farkon 2024 Debian ya ɗauki gatari, ƙarƙashin jagorancin marigayi Steve Langasek, ya mayar da wannan zaɓin dole a armhf da ɗan'uwansa armel, aka sake gina dubban ƙunshin manhaja. Reshen i386, na tsofaffin kwamfutocin tebur masu bit 32, kaɗai aka bari a yadda yake, don tsofaffin manhajojin da ba za a iya sake ginawa ba su ci gaba da aiki. Sakamakon ya iso hannun irinmu ranar 9 ga Agustan 2025, da fitowar Debian 13, wanda ake kira trixie.

Da na kai wa ogana maganar, sai ya ce, "Injiniya, 2038 fa ka ce. Ai haka aka tayar mana da hankali kan agogon kwamfuta a 2000, ba abin da ya faru."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba abin da ya faru ne saboda an yi aikin kafin ranar. Kuma mu ba 2038 ce ta fara matsa mana ba. Debian 12 da muke kai za a daina yi masa gyaran tsaro a tsakiyar 2028. Dole mu hau 13, kuma da mun hau agogo ya canza faɗi, ko muna so ko ba ma so."

Na ƙara masa da cewa akwatin da aka kafa a ƙauye ba mai taɓa shi matuƙar fitilarsa na kunne. Waɗanda muka sa shekarun baya suna nan daram, kuma ban ga dalilin da zai sa a cire su kafin 2038 ba. Ya yi shiru, sannan ya ce in ɗauki ɗaya daga cikin na ajiya da mita biyu in fara a kan tebur.

Haka na yi. Na kwafi duk abin da ke cikin na'urar wata tasha, har da fayilolin karatun mita na watanni, na zuba a ta gwaji, na canza adireshin ma'ajiyar ƙunshi zuwa trixie, na ce wa apt, mai sakawa da sabunta ƙunshin manhaja a Debian, ya ɗaga komai. Kafin ya fara ya jero abin da zai cire, sai ga manhajarmu a ciki. Dalili kuwa, ta dogara da libcurl4, shi kuma ba ya nan a sabon tsari, an maye gurbinsa da libcurl4t64. Haka libssl3 ya zama libssl3t64, da wasu ɗaruruwa irinsu. Wannan wutsiyar t64 da gangan aka liƙa ta. Duk laburaren da ke miƙa wa manhaja wani abu mai ɗauke da time_t, yanzu yanayin miƙawar ya canza, saboda haka aka sauya wa ƙunshin suna don kada a haɗa tsoho da sabo. A kwamfutar ofis mai bit 64 sabon ƙunshin yana amsa tsohon sunan, ba ka ma lura da komai. A armhf ba ya amsawa. Na yaba wa waɗanda suka tsara wannan, domin apt ya gwammace ya cire manhajarmu gaba ɗaya da ya bar ta tana ba da lissafin ƙarya.

Sai dai kariyar iyakarta abin da apt ya sani. Sunan ƙunshi aka canza, sunan fayil ɗin laburaren bai canza ba: libcurl.so.4 yana nan da sunansa. Duk wata manhaja da aka kwafa da hannu aka ajiye a /opt ko /usr/local za ta tashi lafiya lau, ta kama sabon laburare, ba gargaɗi ba komai. Kuma glibc da kansa yana ɗauke da ƙofofi biyu, tsohuwa da sabuwa, don tsofaffin manhajoji su ci gaba da tashi. Hanyar gane wacce ƙofa fayil yake shiga ita ce a duba shi da nm -D. In ka ga time da gettimeofday da clock_gettime tsurarsu, tsohon gini ne. In ka ga __time64 da __gettimeofday64 da __clock_gettime64, sabo ne. Na rubuta ɗan umarni ya bi duk fayilolin da ba na Debian ba a na'urar, ya ware min su gida biyu. Abin da ya fito a gidan tsofaffi ya fi yadda na zata yawa, kuma a cikinsu akwai laburaren kamfanin da ya sayar mana da mitoci, wanda ba mu da asalin rubutunsa. Na ajiye maganarsa a gefe tukuna.

Na sake gina manhajarmu a kan trixie, ta ginu ba gardama, ta tashi. Tangarɗar farko a fayil ɗin rahoto ta bayyana. Kowane layi ya kamata ya nuna lokaci da sunan mita, sai na ga lokaci daidai, a gurbin suna kuma an rubuta "(null)". Layin da ke rubutawar shi ne fprintf(f, "%ld %s\n", lokaci, suna). A nan %ld gurbin buga lamba ne nau'in long, %s kuma gurbin buga suna. A da daidai yake, domin time_t da long faɗinsu ɗaya a armhf. Yanzu lokaci ya zama bayit 8, amma %ld har gobe bayit 4 yake ɗauka. Sai ya ɗauki rabin ƙasa, wanda shi ne ainihin adadin sakannin yau, ya buga shi daidai. Shi kuma %s ya zo ya tarar da rabin sama, wanda sifili ne har zuwa 2106, ya ɗauka adireshin suna ne, ya ga ba komai. A wani wurin da aka yi amfani da printf abin ya fi muni. Ƙa'idar ARM ta ce lamba mai bayit 8 sai ta fara daga rijista, wato ƙaramin gurbin ajiya a cikin ƙwaƙwalwa, mai lambar da ke rabuwa biyu cif-cif, irin r0 ko r2, saboda haka aka tsallake r1 aka zuba lokaci a r2 da r3. Sai %ld ya karanta tarkacen da ke r1, %s ya ɗauki sakannin yau a matsayin adireshi, manhaja ta faɗi warwas. Kuskure iri ɗaya ne, amma a wani wuri ya kashe manhaja, a wani wuri ya wuce salin-alin, ya danganta da matsayin da lokaci ya faɗo a jerin abubuwan da aka miƙa. Gyaran ba wuya: a mayar da shi long long a buga da %lld. Na kunna -Wall da -Wformat, na sa kwamfaila, mai juya rubutun manhaja zuwa yaren na'ura, ya ɗauki gargaɗi a matsayin kuskure, ya tono min sauran wuraren da kansa.

Wannan mai sauƙi ce, tunda tana nuna kanta. Ta biyu ce ta sa na gyara zama.

Manhajarmu tana ajiye karatun mita a fayil kafin a samu sabis, kuma tun asali yadda take yi shi ne ta ɗauki tsarin da ke cikin memori ta zuba shi a fayil yadda yake: lokaci bayit 4, lambar mita bayit 4, adadin wutar da aka sha bayit 4. Kowane karatu bayit 12. A sabon gini lokaci ya ci 8, karatu ya zama bayit 16. Da sabuwar manhaja ta buɗe tsohon fayil, sai ta haɗa lokaci da lambar mita ta ɗauke su abu guda. Lambar mita ta faɗa rabin sama, kuma kowane ɗaya a rabin sama daidai yake da sakan 4,294,967,296, shekara 136 da 'yan kai. Karatun mita mai lamba 1 da aka ɗauka a 2025 sai ya fito da shekarar 2161. Na gaba da shi ya fara daga tsakiyar wani karatun, ya zama shirme zalla, na bayansa ma haka, sai a bayit na 48 ƙafa ta sake daidaita, tunda 12 da 16 duk suna shiga 48. Ina kallon allo ina ganin shekaru na tsalle, wani karatun ya ce mai niƙa ya sha wutar da duk tashar ba ta samarwa a shekara. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne manhajar ba ta tsaya ba. Ta ci gaba da liƙa sababbin karatu masu bayit 16 a ƙarshen wannan fayil ɗin, ya zama rabi tsoho rabi sabo, ba wata alama a tsakani. Da a tasha wannan ya faru, a wurin da sabis kan ɗauke na kwanaki, karatun mutane ne zai cakuɗe, kuma ƙarshenta rigima ce tsakanin mai kula da tasha da maƙwabtansa a kan kuɗi.

A nan ra'ayina ya tsaya a kan abu guda, kuma har yanzu ban sauya ba: time_t na cikin memori ne kawai. Duk inda lokaci zai fita daga manhaja, ko zuwa fayil, ko ta waya zuwa wata na'ura, ko zuwa wata manhajar, dole a faɗi faɗinsa ƙarara a rubuta shi bayit-bayit. Na sake tsara fayil ɗin. Yanzu yana farawa da 'yar alama da lambar zubi, lokaci kuma int64_t ne, wato bayit 8 a kowace na'ura, ana rubuta kowane gurbi daban da tsari sananne. In manhaja ta buɗe fayil ba ta ga alamar ba, ta san tsoho ne, sai ta karanta shi da ma'aunin bayit 12, ta juya shi zuwa sabon zubi, ta ajiye asalin a gefe ba ta goge ba. Na sa mata kuma ta ƙi karɓar duk karatun da shekararsa ta gaza ranar da aka kafa tashar ko ta zarce agogon yanzu da nisa, ta kai ƙara a rahoto.

Daga nan na koma kan laburaren masu mita. Aikinsa shi ne a ba shi lokaci biyu, daga yaushe zuwa yaushe, ya ciro karatun da mita ta adana a tsakani. Bayan sabon gini sai ya riƙa dawowa da cewa an yi nasara, amma ba karatu ko ɗaya. Babu kuskure a rahoto, babu faɗuwa. Da ba don mitocin na gabana a kan tebur ina ganin lambobinsu na motsi ba, da sai in ce ba a sha wuta ba ne. Da na bi sawu sai na gane: mu muna miƙa masa bayit 16, takwas na "daga" takwas na "zuwa", shi kuma yana karanta takwas na farko kawai ya raba su biyu. "Daga" ya fito daidai. "Zuwa" ya zama rabin saman "daga", wato sifili, wato 1 ga Janairun 1970. Tambayar da ta isa gare shi ita ce ya kawo karatu daga jiya zuwa 1970, ya duba da gaskiyarsa ya ce babu. Kamar mai saye ya zo da tiya ne mai sayarwa na awo da mudu, kowa na ƙirga ɗaya, biyu, uku, ba wanda ya yi ƙarya, amma lissafi ba zai taɓa haɗuwa ba.

Na rubuta wa kamfanin ina neman sabon gini. Amsar da ta zo ita ce sun daina kula da wannan samfurin, in muna so mu sayi sabo. Abin ya yi min ciwo, domin mitocin lafiyarsu ƙalau, aikin da ake nema a wurinsu bai wuce su sake gina abin da suka riga suka rubuta ba. Na yi gyaran wucin gadi: na daina amfani da bayanin tsarin da suka ba mu, na rubuta nawa da int32_t a guraben biyu, ina rage faɗin lokaci kafin in miƙa. Karatu ya dawo. Amma na san wannan jinkirta matsala ne kawai, tunda shi laburaren a cikinsa yana tambayar agogo ta tsohuwar ƙofa.

Irin wannan shirun na taɓa gamuwa da shi a 2021, lokacin da Alpine 3.13, wani ƙaramin nau'in Linux, ya fito da musl 1.2. Masu Raspberry Pi da yawa sun sha shi: a sa sabon Alpine a cikin Docker, manhajar da ke killace wani tsari a cikin wani, a kan tsohon tsari mai bit 32, sai agogo ya haukace, intanet mai tsaro ta ƙi aiki. Dalilin shi ne matatar tsaro ta seccomp ba ta san sababbin ƙofofin lokaci ba. Da ta amsa da ENOSYS, ma'ana babu wannan ƙofar, da musl ya koma tsohuwa ya ci gaba da aikinsa. Sai ta amsa da EPERM, ma'ana an hana ka, shi kuma ya tsaya nan. Sai da aka ɗaga Docker zuwa 19.03.9 da libseccomp zuwa 2.4.2 abin ya warware. Tun daga lokacin na san cewa a wannan sauyin kowane ɓangare zai iya zama daidai a karan kansa, ɓarnar a mahaɗa take.

Da komai ya daidaita a agogon yau, sai na shiga gwajin gaske. Na kashe daidaita agogo ta intanet, na kafa wata sabar gwaji a gefe, na sa agogon na'urorin biyu a 03:13 na 19 ga Janairun 2038, na zauna ina kallo. Tun kafin a kai ko'ina na'urar ta ƙi yi wa sabar magana, don takardar shaidar TLS, wadda ake tsare haɗin intanet da ita, ta daɗe da ƙarewa a wannan shekarar. Wannan ba ta cikin abin da nake nema, na yi wata ta gwaji mai dogon wa'adi na sake farawa. Sakan na bakwai bayan 03:14 ya zo ya wuce. Umarnin date ya nuna 03:14:08, shekara 2038. Manhajarmu ta rubuta karatu na gaba da lokaci daidai. Na ji daɗi ƙwarai a wannan lokacin.

Laburaren masu mita kuwa nan take ya nuna halinsa. Tsohuwar ƙofar glibc ba ta kifewa zuwa 1901, tana dawo da -1 ne tare da EOVERFLOW, ma'ana adadin ya fi ƙarfin gurbin. Shi kuma bai duba ba, ya ɗauki -1 a matsayin lokaci, ya fara buga wa karatu tambarin 31 ga Disambar 1969, ƙarfe 23:59:59. Wannan ya yanke hukunci. Na nemo takardar da ke bayanin rijistocin mitar, na rubuta sashen da ke magana da ita kai tsaye ta Modbus, yaren da mitar ke ji, da laburaren libmodbus, wanda rubutunsa a buɗe yake kowa na iya ginawa. Shi ne ya fi cin lokaci a duk aikin, kuma shi ne na fi gamsuwa da shi. Ita mitar tana riƙe nata agogon a bit 32 marar alamar ƙasa da sifili, wanda zai kai Fabrairun 2106. Abin lura kawai shi ne a karanto shi a matsayin uint32_t kafin a faɗaɗa, in ba haka ba bayan 2038 zai juye ƙasa da sifili a hannunmu.

Sauran abubuwan da gwajin ya fallasa ba a manhajarmu suke ba. Fayilolin da aka rubuta a sashen ajiyar bayanai duk sun maƙale a 03:14:07, lokacinsu ya ƙi gaba. Sashen ƙarami ne, kuma tsohon mke2fs, umarnin da ke tsara sashen ajiya, yakan ba ƙananan sassa inod, wato gurbin da ke riƙe bayanin kowane fayil har da lokacinsa, mai bayit 128, wanda ba shi da wurin ƙarin bit na lokaci. Ashe kanel ya daɗe yana faɗa a rahotonsa na dmesg duk sanda aka ɗora sashen, cewa lokutansa iyakarsu 2038. Da tune2fs -l ake ganin girman inod ɗin. Mai bayit 256 yana kaiwa 2446, saboda haka na sa a tsarinmu a kwashe bayanai a sake tsara sashen da -I 256. Wannan ya shafe mu kai tsaye, don manhajar da ke share tsofaffin fayiloli da lokacin fayil take aiki.

Sai na kashe na'urar na kunna, har yanzu a 2038, agogo ya dawo baya da shekaru. BeagleBone ba shi da agogo mai batir, mu muke ƙara masa DS3231, kuma shi lafiyarsa ƙalau, yana kaiwa 2099. Na duba na ga yana riƙe da 2038 daidai. Kanel ne ya ƙi ɗauka. A wanda ke hannunmu akwai wani sharaɗi da aka sa wa na'urori masu bit 32: in agogon batir ya nuna lokacin da ya wuce iyakar 2038, kada a saita agogon tsari da shi yayin tashi. An sa shi ne don kare tsofaffin manhajoji daga agogon da ya lalace. A ofis ba za ka damu ba, intanet za ta gyara maka cikin sakanni. A tashar da ba sabis kuwa, na'ura za ta yi ta rubuta karatu da kwanan wata na bogi har sai ranar da sabis ya dawo. Na ƙara wani ɗan aiki da ke kiran hwclock --hctosys da wuri yayin tashi, na kuma hana manhajarmu farawa sai ya gama.

Ita ma sabar ofis, duk da bit 64 ɗinta, ba ta tsira ba. Ginshiƙin lokaci a teburinmu na rumbun bayanai MySQL nau'in TIMESTAMP ne, shi kuma iyakarsa 03:14:07 na wannan ranar ko a wace irin kwamfuta. Karatun farko da ya haye iyakar aka ƙi karɓarsa. Muka mayar da ginshiƙin DATETIME, wanda ke kaiwa shekarar 9999, da sharaɗin komai a agogon UTC za a ajiye shi, tunda shi ba ya juya lokaci da kansa yadda TIMESTAMP ke yi.

Kai gyaran tashoshi ban yarda a yi shi ta intanet ba. Sabis ɗin ƙauye ba abin dogaro ba ne, in ya yanke ana tsakiyar sauya ɗaruruwan laburare, na'ura za ta tsaya rabi a tsohon tsari rabi a sabo, kuma wannan shi ne ainihin yanayin da nake gudu. Wasu na'urorin ma suna kan kanel 4.19, wanda ya girmi sababbin ƙofofin. A kansa sabon glibc zai koma tsohuwar ƙofa a ɓoye, komai ya yi kamar lafiya har ranar da za ta cika. Saboda haka muka shirya cikakken tsari a katin memori, da sabon kanel da komai. In mun isa tasha sai mu jira ta turo karatun da ke hannunta, mu kwafe fayilolinta, mu sa kati ya rubuta sabon tsari a ma'ajiyar cikin allon, mu mayar da fayilolin, sannan mu tsaya har ta zagaya mitoci sau ɗaya mu gwada abin da ta rubuta da abin da ke fuskar kowace mita.

A wata tasha dattijon da ke kula da wurin ya tsaya a kaina yana kallo, ya ce, "Injiniya, lafiya dai? Ai ba ta taɓa ba mu matsala ba."

Na ce, "Lafiya lau, Baba. Agogonta ne ke da iyaka, nan da shekara goma sha biyu zai cika ya rikice. Shi muke faɗaɗawa tun yanzu."

Ya ce, "To lissafin mutane fa? Kada a zo ƙarshen wata a ce mai niƙa ya sha abin da bai sha ba, ni za a tsare."

Na buɗe masa karatun jiya a tsohon fayil da sabo, muka bi su mita-mita tare da littafinsa da yake rubutawa da biro. Sai da ya ga sun yi daidai har ta ƙarshe sannan ya koma kan bencinsa.

Akwai tashoshin da har yanzu ba mu gama da su ba. A cikinsu akwai masu wani samfurin mita na daban, wanda ba mu samu takardar rijistocinsa ba, dole suna kan tsohon laburare da gyaran wucin gadi. Na rubuta su a jerin aiki da wa'adin tsakiyar 2028: ko mu samo takardar, ko a canza mitocin. Na kuma roƙi oga, ya amince, cewa duk na'ura ko laburaren da za a saya nan gaba sai an kawo shi teburin gwaji an kai agogonsa 2038 an kashe an kunna kafin a biya kuɗi. Tashoshin da ke bayan kogi kuma sai ruwa ya janye mota ta iya shiga, katunansu na nan a shirye.